Zan fara harbi da bindiga mai ƙanƙara, ta ina zan kama?

Nasiru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Na daɗe ina harbin saiti da bindigar zamani a filin ƙungiyarmu, amma yanzu raina ya karkata ga irin ta da, wadda ake ɗurawa ta baki, mai ƙanƙara, wato dutsen ƙyasta wuta, da ƙyastu, ƙarfen da dutsen yake daka. Takarduna sun cika, filin ma ya yarda da baƙin albarushi. Wani yana son sayar mini da tasa ta hannu, mai faɗin baki .50, wato rabin inci, ya ce ya gaji da ita domin sau da yawa ba ta tashi. Zai haɗa mini da ragowar gwangwanin Pyrodex ɗinsa. In saya ko in haƙura?

Baba Ado:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ina zargin kyautar nan da zai haɗa maka ita ce ciwon bindigar. Pyrodex da Triple Seven da ire-irensu an yi su ne don su tsaya a madadin baƙin albarushi, kuma suna aikinsu a bindiga mai hular tagulla, wato 'yar hular da ke fashewa in an doke ta ta kunna ɗuri, domin wutar hula tana shiga bututu da ƙarfi, a matse. Sai dai ba sa kamawa sai sun ji zafi sosai, fiye da ainihin baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Mai ƙanƙara ba ta da wannan ƙarfin. Iyakar abin da ta mallaka 'yan tartsatsi ne da suke zuba cikin kasko, wato ɗan mazubin gari da ke gefen bututu, sai harshen wutar da zai bi ta kafar da faɗinta bai wuce kamar inci 1/16 ba. In da wannan garin mutumin yake ɗura ta, ba mamaki lafiyarta ƙalau.

Saboda haka kafin maganar ciniki, bincika ko za ka riƙa samun ainihin baƙin albarushi ta hanyar da doka ta yarda, irin su Swiss ko Schuetzen ko GOEX. In ba za ka samu ba, haƙura da mai ƙanƙara gaba ɗaya, komai kyanta.

Nasiru:
Na gode Baba. Akwai shi, ƙungiya tana sayo wa membobinta. To ita bindigar fa, yaya zan gane ta kirki ce?

Baba Ado:
Da farko kada ka yarda da bakin kowa cewa babu komai a cikinta. Zura sandar ɗuri har ta tsaya, riƙe inda ta yi daidai da baki, ka zaro ta ka kwantar da ita a jikin bututu ta waje. In ƙarshenta ya kai kafar wuta, babu ɗuri. In ta tsaya da tazara, ɗauka a ɗure take har sai wanda ya san aikin ya duba. Wasu bindigogin suna da ƙuntataccen gurbi a gindin bututu da ke tare sanda, amma ba sabon hannu ne zai yanke wannan hukuncin ba. Albarushin da ya yi shekara da shekaru a bututu yana iya tashi.

Sai ka haska ciki. Duhu-duhu ba laifi ba ne, ramukan tsatsa su ne matsala, domin suna yaga ƙyallen da ake naɗe ƙwallon dalma da shi.

Sannan inji, wato haɗin ƙarfen da ke gefen bindiga mai ba da wuta, kuma nan ne kuɗinka yake. Tafi da sabuwar ƙanƙara. Ɗaura ta a mariƙi, wato ƙarfen da ke riƙe ta ya daki ƙyastu da ita, ku shiga ɗaki mai duhu inda babu albarushi ko ƙwaya ɗaya, sa tabarau, rufe ƙyastu, ɗana, ja kunama, idonka na kan kasko. Inji mai kyau zai watso tartsatsi masu haske su zuba tsakiyar kaskon, wasu har ka ga suna tsalle a ciki kafin su mutu, ƙyastun kuma ya kife gaba gaba ɗaya. In jajaye biyu ko uku ka gani sun faɗi gefe, ko ƙyastun ya tsaya rabi, da sauran magana. Ka san tartsatsin nan ba daga dutsen yake fita ba. Dutsen ne yake yanko ɓarɓashin ƙarfe daga fuskar ƙyastu, zafin yankan ya sa ya kama wuta. Shi ya sa ƙyastu mai taushi ba ya ba da wuta, dutsen nutsewa yake yi a cikinsa. In mai ita ya yarda, goga magagari a gefen ƙyastun. In ya zame bai ci ba, ƙarfen ya tauru yadda ake so.

Sagir:
Baba, Allah ya ƙara girma, ni dai ra'ayina daban. Nasiru, fara da mai hula. Ɗurin iri ɗaya ne, hayaƙin iri ɗaya, wankin iri ɗaya, amma ka rage wa kanka ƙanƙara da kasko da kafar wuta. Na ga mutane da dama sun shigo da ɗoki, sun sayi mai ƙanƙara mafi araha, rana guda ta ƙi musu tashi a gaban jama'a, ba su sake dawowa ba. Koyi abu ɗaya ka kama shi kafin ka ƙara wani.

Malam Isa:
Sagir, abin da ka gani gaskiya ne, amma laifin inji mara kyau ne, ba na ƙanƙara ba. Tun wajajen 1610 maƙerin nan na Faransa, Marin le Bourgeoys, ya haɗa wannan tsarin, kuma aka shafe sama da shekara 200 ana yaƙi da farauta da shi. Sojan Ingila sun riƙe tasu mai ƙanƙara, Brown Bess, daga 1722 har zuwa wajajen 1838. Maƙeran Jamusawa da suka zauna a Pennsylvania a ƙarni na 18 su suka fitar da doguwar bindigar nan mai tsagi a ciki, wadda mazauna jeji suka dogara da ita. Da abin ba ya tashi da ba a kai haka da shi ba.

Sagir:
Malam, kuma da Alexander Forsyth ya yi rajistar nasa tsarin a 1807, hula ta biyo baya, shekara nawa rundunoni suka ɗauka kafin su yar da ƙanƙara? Suna samun abin da ruwa da iska ba sa hana shi tashi suka koma can.

Malam Isa:
Ban musa ba. Soja yana neman abin da zai tashi cikin ruwan sama a hannun wanda aka horar wata uku. Nasiru kuwa ya ce ransa mai ƙanƙara yake so. Wanda ya fara da mai hula, ran da ya koma ƙanƙara sai ya sake koyo daga tushe, domin wutar da ke tashi kusa da fuska babu ita a can. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne maganar araha. A mai hula, inji matsakaici ma yana fasa hula. A mai ƙanƙara kuwa kusurwar mariƙi, da taurin ƙyastu, da ƙarfin sifirin biyu, dole su dace da juna. Gara ƙota mara ado da inji mai kyau, da ƙota mai zane da injin da ke cin dutse.

Nasiru:
Na je na gwada yadda Baba ya ce. Babu ɗuri, bututu tas. Da tsohuwar ƙanƙararsa kusan babu wuta, bakinta ya dakushe ya zama kamar an goge shi. Da sabuwa kuwa kasko ya cika da tartsatsi. Na biya. Yanzu sai maganar dalma da albarushi, nawa ake zubawa?

Malam Isa:
Allah ya sa albarka. Kafin awo, san murɗin tsagin bututunka. Sa ƙyalle mai matsewa a kan sandar wanki, tura har ƙasa, yi alama a jikin sandar daidai baki, ka jawo a hankali kana barinta tana juyawa da kanta. In ta yi rabin zagaye a inci 24, murɗinka zagaye ɗaya ne a inci 48. Wannan matsakaici ne, yana ɗaukar ƙwallon dalma da kuma dogon harsashi. Mai zagaye ɗaya a inci 60 zuwa 70 na ƙwallon dalma ne zalla. Ko wanne ka samu cikin biyun, da ƙwallo za ka fara.

Ga .50, nemi ƙwallo mai faɗin .490 na tsantsar dalma mai taushi, nauyinsa kamar giren 177, wato giram 11 da rabi. Ƙyalle mai kaurin .015 na inci, auduga zalla ko lilin. Duk yadin da aka gauraya da roba narkewa zai yi a bututu. Albarushi mai lamba FFFg ko FFg, yawan F shi ne laushin garin, duka biyun suna yi a wannan faɗin. Ƙa'idar da aka saba farawa da ita: lambar faɗin baki ita ce adadin giren. Wato kai giren 50, da ma'aunin tagulla da ake sayarwa don haka. Harba biyar a mita 25, ƙara giren 5, sake biyar, har ka ga inda ramukan suka fi haɗuwa. Kada ka wuce iyakar da masu ƙera bindigar suka rubuta, kuma ba ka ma buƙatar kusantarta don huda takarda.

Abin da sabbin hannu ba sa yi, kuma ya fi komai koyarwa: in an tsagaita harbi an ba da izinin shiga fili, tsinto ƙyallayenka. Za ka same su a ƙasa 'yan taku kaɗan gaban inda ka tsaya. Shimfiɗa ɗaya a tafin hannu. Mai kyau za ka ga tsakiyarsa ta yi da'ira launin ƙasa-ƙasa, sawun tsagi ya fito a kewaye, gefen ya ɗan zare, amma babu huda. In ya ƙone ko ya yayyage, iskar wuta tana wuce ƙwallon ta gefe. Ƙara kaurin ƙyalle ko ƙara maiƙo kafin ka taɓa awon albarushi.

Yaya Hadiza:
Ƙanena, ni nake kula da layin masu baƙin albarushi a filinmu ranakun gasa, bari in faɗi nawa kafin a yi nisa. Awo za ka koya a hankali. Abin da nake so ya zauna maka tun ranar farko shi ne jerin ɗuri, ka riƙa yin sa iri ɗaya kullum har hannunka ya haddace.

Mariƙi a rabin ɗani, wato an ja shi baya rabi inda kunama ba ta sakinsa, ƙyastu a buɗe, kasko babu komai. Gindin bindiga a ƙasa, baki ya kauce wa fuskarka da ta kowa. Zuba daga gora cikin ma'auni, rufe gorar, sannan daga ma'auni zuwa bututu. Kada ka taɓa kafa bakin gora ko ƙaho a bakin bindiga. In akwai ragowar garwashi a ƙasa, abin da ke ma'auni kaɗai zai tashi ya ƙona yatsa. In gora ce a hannunka, duk abin da ke cikinta ne. Sai ƙyalle, sai ƙwallo, tura shi da gajeren matuƙi, sannan sanda. Riƙe sandar kusa da baki, kamu kaɗan kaɗan, domin ta katako in ka kama ta can sama tana karyewa ta soke hannu. Yawancinmu a fili ta tagulla muke amfani da ita. Tura har ƙwallon ya zauna daram a kan albarushi. Tazara tsakaninsu tana kumbura bututu, tana ma iya fasa shi. Ranar farko da ka yi ɗuri mai kyau, yi wa sandar alama daidai baki, daga nan kullum ka duba alamar.

Kasko shi ne na ƙarshe, kuma sai kana kan layi baki yana kallon allo. Kada ka ce tunda babu gari a kasko ba za ta tashi ba. Tartsatsi ɗaya in ya faɗa kafar wuta ya isa. Shi ya sa ake sa wa ƙyastu 'yar rigar fata in za a yi tafiya da ita a ɗure. Tabarau da abin toshe kunne dole ne, kuma duba wanda ke tsaye a gefen injinka, domin kafar wuta tana feso wuta da ɓarɓashin dutse ta can. In wani ya yi maka magana kana tsakiyar ɗuri, kada ka amsa sai ka gama.

Lawal:
Tambaya jama'a. Ina da harsasan zamani da ba na amfani da su. In na kwance su na ɗebi garin, ba zai yi ba in an rage awon? Ko kuma mutum ya haɗa baƙin da kansa, tunda an san kayan haɗinsa.

Yaya Hadiza:
A'a Lawal. Babu wani awo na garin zamani da yake da aminci a wannan bindigar, komai ƙanƙantarsa. Matsin da yake bayarwa ya ninka na baƙin albarushi, kuma gindin bututun da zai fashe yana daidai fuskarka. Launi ma kada ya ruɗe ka, garin zamani da yawa baƙi ne a ido. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi ne hujja, gwangwanin da ba shi da rubutu kuma ba a ɗura shi.

Mai kula da zaure:
Maganar haɗa albarushi a gida ba a yin ta a wannan zauren, duk wanda ya kawo ta za a goge. Kuma kowa ya san dokar inda yake zaune kafin ya sayi komai, domin ta bambanta ƙwarai. A Amurka dokar tarayya tana lissafa irin wannan bindigar cikin kayan da, amma jihohi suna da nasu sharuɗɗan. A Ingila sai da lasisin bindiga, da kuma wata takarda daban daga 'yan sanda ta ajiye albarushi. A Jamus ma albarushin yana da nasa izinin, sai an yi kwas an ci jarrabawa. A ci gaba.

Lawal:
Na ji, na kuma gode. Gara da na tambaya.

Nasiru:
Yaya Hadiza, na kwafe jerin nan a takarda zan liƙa a murfin akwatina. Saura kasko. Cika shi ake yi? Kuma dole sai na sayi FFFFg?

Sagir:
Kada ka cika. Kamar giren 3 ya isa, kashi ɗaya cikin uku na kaskon ke nan a yawancin injuna. Kuma karkata bindigar ka ɗan buga ta garin ya koma gefen waje, nesa da kafa. Ana so harshen wuta ya yi tsalle ya shiga, ba ya bi gari yana ci a hankali ba.

Baba Ado:
Rabin maganarka na karɓa. Cika kasko har ya binne kafa yana kawo jinkiri, wannan haka yake. Amma tura garin can nesa, na daɗe da dainawa. Zafi ne yake kunna ɗurin, kuma wuta in ta fi kusa ta fi zafi. Ni shimfiɗa shi nake yi a ƙasan kaskon har zuwa jikin bututu, a ƙarƙashin kafar, ban toshe ta ba. Tartsatsi duk inda ya faɗa zai sami abin kamawa.

Sagir:
Baba, a tawa bindigar in na matso da shi ina jin tazara tsakanin fuu da ƙara.

Baba Ado:
To duba inda kafarka take. In ta yi ƙasa ƙwarai a kaskon, ɗan gari kaɗan ma zai rufe ta, dole ka ja baya. In tana daidai saman leɓen kasko, kusa ya fi. Kunne kuma ba ma'auni ba ne a abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Nasiru ya gwada duka biyun a tasa. Game da FFFFg, yana ɗan fi saurin kamawa, amma yana saurin shan laima. In FFFg kake ɗurawa, zuba shi a kasko ma, ka huta da gwangwani biyu. Sojojin da Malam Isa ya ambata da garin ɗurinsu suke cika kasko. Abin da ba a yi shi ne mai da FFFFg babban ɗuri.

Tunda mun zo nan bari in gama da dutsen. Auna faɗin ƙyastunka ka sayi daidai shi, yawanci inci 5/8 ko 3/4 ko 7/8. Baƙar ta Ingila, irin wadda garin Brandon ya yi suna da fasa ta, da ruwan zumar ta Faransa, duka suna yi. Naɗe ta da 'yar fata ka matse sosai, dutsen da ke motsi a mariƙi ba ya yanka. A rabin ɗani bakinta ya kusa taɓa ƙyastu amma kada ya taɓa, ya yi daidai da fuskarsa daga gefe zuwa gefe, kuma kusurwarta kada ta daki bututu. Ta sauka kamar kashi biyu cikin uku daga ƙasan ƙyastun, ta gogo ƙasa, ba ta yi karo da shi kai tsaye ba. Gangaren bakin ya kalli sama ko ƙasa, injin ne zai gaya maka, juya ka gani. In ta dakushe ana ɗan ɓantare bakin da guntun tagulla, amma sai bindiga ba ta da ɗuri. Bayan kowane harbi kaɗan, share dutse da ƙyastu da kasko da busasshen tsumma, ka zura siririyar waya a kafa. Yawancin ƙin tashi a nan yake ƙarewa.

Nasiru:
In kasko ya tashi amma bindiga ba ta tashi ba fa?

Yaya Hadiza:
Kada ka sauke ta daga kafaɗa, kada ka juyo ka tambayi kowa. Bar baki yana kallon allo minti ɗaya cur, domin wani lokaci wutar tana ci a ɓoye sai ta tashi daga baya. Bayan nan soka waya a kafa. In ka ji ƙurus-ƙurus na gari a bakin wayar, sake zuba kasko ka gwada. In ka ji wayam, ƙwallo aka tura babu albarushi, abin da yake samun kusan kowa, galibi saboda hira. Akwai ƙugiya mai bakin sukurú da ake ɗaurawa a sanda a jawo ƙwallon, akwai kuma 'yar gorar iska da ake kafawa a kafar wuta ta tunkuɗo shi ta baki. Ta biyun ta fi aminci, domin hannunka ba ya gaban bututu. Sanar da mai kula da layi kafin ka yi ko wanne.

Malam Isa:
Akwai abin da ba mu taɓo ba, kuma shi ne zai fi ba Nasiru mamaki, tunda ya saba da ta zamani. Ranar farko zai ga harbinsa yana sauka ƙasa da gefe, ya ɗauka saitin ne. Ba saiti ba ne. Ido yana ganin mariƙi ya faɗi, wuta ta tashi taku ɗaya daga hanci, jiki ya zabura kafin ƙwallo ya bar bututu. Maganinsa a gida yake. Fere guntun katako mai tauri daidai girman ƙanƙara, ɗaura shi a mariƙi, ka tabbatar babu ɗuri, ka riƙa ɗanawa kana ja, idonka a kan saitin gaba har bayan ƙyastu ya kife. Katakon yana kare ƙyastu daga ci. In ka je fili, fara da kasko kaɗai babu ɗuri, har wutar ta daina sa ka ƙifta ido. Kuma bayan ƙara, ci gaba da riƙe saiti kamar ba ka harba ba tukuna. Kada ka taɓa magagari a saitin gaba sai ramukanka sun fara haɗuwa wuri ɗaya, domin ƙarfen da ka goge ba ya dawowa.

Sagir:
Wannan kam babu gardama. Ni abin da zan ƙara, share bututu da ƙyalle mai ɗan danshi bayan kowane harbi. Ɗuri ya fi sauƙi, kowane harbi ya tarar da bututu iri ɗaya, garwashi kuma ya mutu.

Baba Ado:
Ga masu gasa, na yarda. Amma a kula, shara tana tura dauɗa ƙasa ta toshe kafa, musamman a masu ƙuntataccen gurbin nan da na faɗa. Wanda zai share, ƙyallen ya zama mai danshi ba jiƙaƙƙe ba, sau ɗaya ƙasa sau ɗaya sama, ya bi da busasshe, ya soka waya. Ni da ƙyallen ɗuri mai isasshen danshi nakan yi harbi da yawa ban share ba, domin kowane ɗuri yana share na bayansa. Don farauta kuwa maiƙo ake sa wa ƙyalle, irin kitse ko kakin zuma da aka sassauta da mai, saboda mai ruwa zai jiƙa albarushi ya kuma bar zoben tsatsa in ɗuri ya daɗe. Man inji kada ya kusanci ƙyallen ɗuri, in ya haɗu da tokar albarushi ƙwalta yake zama.

Yaya Hadiza:
Busa baki a bututu don kashe garwashi, wanda za ka ga wasu tsofaffin hannu suna yi, filaye da yawa sun hana. A layina ba a yi. Kai ba ya zuwa saman bakin bindiga ko da wane dalili.

Nasiru:
To wanki fa? Man wanke bindigar zamani da nake da shi zai yi?

Baba Ado:
Ajiye shi. Ruwa ne maganin wannan. Tokar baƙin albarushi tana jan laima kamar gishiri da damina, kuma kwana ɗaya ya isa ta fara cin ƙarfe, don haka ranar da ka harba ranar za ka wanke, ko ka gaji. Mai da mariƙi rabin ɗani, kwance inji ka cire shi. Toshe kafar wuta da tsinke, zuba ruwa a bututu, bar shi ya ɗan jiƙa, zubar, maimaita har ruwan ya daina fita baƙi. Bi da ƙyallaye masu danshi har su fito fari, sannan busassu. In naka bututun irin mai cirewa ne da ƙugiya a gindi, ka huta: cire shi ka tsoma gindin a bokiti, ka riƙa jan sanda sama da ƙasa ruwa yana shiga yana fita ta kafa. Injin kuma tsohon buroshin haƙori da ruwa, ka busar da shi sarai, ɗigon mai a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, amma fuskar ƙyastu da dutse ba sa son mai ko kaɗan. Shafa wa bututu mai ciki da waje, jingine ta baki ƙasa don kada man ya taru a gindi. Washegari sake zura ƙyalle ka duba. Ranar da za ka koma fili, share man nan tas kafin ɗurin farko. Ka kuma wanke hannu da sabulu bayan taɓa dalma.

Sagir:
Ruwan zafi ko na sanyi, Baba? Ni tafasasshe nake zubawa don bututu ya bushe da kansa.

Baba Ado:
Tafasasshe yana busarwa da sauri, amma sau da yawa za ka ga ƙyallen farko ya fito da jan tsatsa nan take. Mai ɗumi ya ishe ni.

Lawal:
Ni farauta ce a raina in na kai ga samun izini. Na karanta cewa a Pennsylvania akwai lokacin farautar barewa bayan Kirsimeti da ba a yarda da kowace bindiga ba sai mai ƙanƙara, faɗin baki daga .44 zuwa sama. Cikin sanyi da dusar ƙanƙara ke nan. Yaya suke hana kasko jiƙewa?

Malam Isa:
Haka ne, akwai wannan lokacin. Fata mai maiƙo suke rufe injin da ita, su riƙe bindigar injin yana ƙarƙashin hammata, baki ƙasa don kada ruwa ya gangaro ta jikin bututu zuwa kasko. Wasu suna shafa siririn maiƙo a leɓen kasko inda ƙyastu ke zama. Sannan a riƙa buɗewa ana dubawa, in garin ya fara dunƙulewa a zubar a sa sabo. Amma Lawal, ƙwallon dalma yana saurin rasa ƙarfi a iska, don haka yawancin mafarauta ba sa wuce mita 70 zuwa 90 da shi, kuma wanda bai iya haɗa harbi biyar a faɗin tafin hannu a mita 50 ba, bai kai ga dabba ba tukuna. Wane faɗin baki kake tunani? In barewa ce .50 ta isa, in abin da ya fi ta girma ne sai ka duba .54 da ƙwallon .530.